Na kai Kawu ya yi wa Murtala addu'a a inda ba nan ba ne

Har yau in Kawu ya zauna a majalisarsu ta bayan La'asar ya ce, "Ai ni na tsaya a daidai inda aka harbi Murtala, ɗan ƙanwata ne ya kai ni," sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai tsaya a wurin ba. Ni na kai shi, ni na nuna masa da yatsa, kuma tsakanin inda ya ɗaga hannu da inda abin ya faru akwai tafiyar da ta ci min minti ashirin da 'yan kai a ƙafa.

Suna ne ya kai mu Legas. 'Yarsa da ke aure a Agege ta haihu, ni kuma dama ina zuwa sarin kaya Idumota, sai aka haɗa ni da shi. Tun kafin mu wuce Zariya ya fara maganar. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad, yana yaron shago a Kantin Kwari, a rediyon maigidansa ya ji muryar Dimka, sojan da ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, kuma yana cikin taron da ya yi dafifi lokacin da aka kawo gawar Kano. Kabarin ya ziyarta ba adadi. Ya ce abu biyu suka rage masa a duniyar nan game da Murtala: ya ga motar, ya ga wurin.

Na ce, "Kawu, wannan ai ƙaramin aiki ne. Legas a tafin hannuna take."

Kasuwa na sani, ban san Ikoyi ba. Amma bakina ya riga ya faɗa.

Ranar Asabar muka fita, na fara kai shi gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye motar. Gidan tun 1957 yake, cike da kayan Nok da na Ife da na Benin waɗanda mutane ke tasowa daga Turai don su gani. Mu dai muka wuce su kamar masu gudun ruwan sama, don Kawu ba su suka kawo shi ba. Motar baƙar Marsandi ce, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarta. A raina na zana wata ƙatuwar mota irin ta shugabannin yanzu. Wannan kuwa da za a wanke ta a ajiye a bakin titi, sai ka ɗauka ta wani tsohon alƙali ce. Ga hujojin harsashi a jikin ƙarfen, kowanne bakinsa ya lotsa ciki. Kawu ya sunkuya yana ƙirgawa da leɓe, ya ɓata lissafi, ya koma farko. Can ya miƙe ya ce, ba da ni yake ba, "Ko ɗan sanda ɗaya a kan babur babu."

Haka abin yake. Shugaban ƙasa sukutum, ba jiniya, ba ayarin rakiya, daga shi sai direbansa Saja Adamu Michika, da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da odilansa Michael Otuwe. Otuwe ne kaɗai ya fita da rai. Murtala bai ma tare a Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin ba, yana zaune a gidansa na Ikoyi, kullum da safe ya shiga mota ya bi layi kamar kowa. Shekararsa 37, mulkinsa bai cika wata bakwai ba.

Ni ba irin son da Kawu yake masa nake masa ba, kuma mun sha yin musu. Korar ma'aikata sama da 10,000 da ya yi ta haɗa da masu laifi da waɗanda ba a ko saurare su ba, kuma mutanen Asaba ba su manta abin da sojojin rundunarsa suka yi musu a 1967 ba. Amma a gaban motar nan ban iya buɗe baki ba. Na bar tsoho da tunaninsa.

Da muka fito ne na fara ɓarna. Taswirar waya ta ce min daga Onikan zuwa Obalende tafiyar rabin awa ce. Waya ba ta san gwiwar Kawu ba, ba ta san zafin Legas na tsakar rana ba, irin wanda ba rana ce ke dukanka ba, iskar ce ke manne maka kamar jiƙaƙƙen bargo. Na ce mu taka, ai tarihi da ƙafa ake ganinsa. Kawu bai musa ba, don ba ya son a ce ya tsufa. Muka bi ta gefen Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila a 1960, na tsaya ina masa lacca a kan dawakan da ke saman ƙofa, shi kuwa ya dafa katanga yana numfashi. Ban lura ba. Acaɓa an hana a yankin, saboda haka ko da na so in ɗora shi a babur babu hali. Sau uku muka tsaya. Ruwan leda huɗu ya sha, ɗaya ya zuba a ƙeya.

Rabin awar nan ta koma awa ɗaya da kwata. Muna isa ƙarƙashin gadar Obalende, inda motocin danfo ke ta hayaƙi kwandastoci na ihun sunayen unguwanni, na duba na ga gwiwarsa ta hagu ta cika wando.

A nan ne ya kamata in yi tambaya. Obalende fa! Unguwar da asalinta sojojin Hausawa na zamanin Turawa ne suka zauna, har gobe in ka juya dama mai shayi ne, hagu mai tsire, gaba ɗan canji, kowa da Hausa a bakinsa. Da na ce "Salamu alaikum, don Allah ina ne aka harbi Murtala?" da an sami dattijon da zai nuna min. Tun muna yara ake ce mana matambayi ba ya ɓata. Amma na riga na ce Legas a tafin hannuna take, ta yaya zan tsaya a gaban Kawu ina tambayar hanya? Abin da ke kaina shi ne jimlar da kowa ya haddace, cewa an kashe shi a hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Cikin gajiya da son a gama, "a hanyar bariki" ta rikiɗe min ta zama "a ƙofar bariki".

Muka ja jiki har muka hango barikin daga tsallaken titi. Na ce, "Kawu, nan ne."

Ya gyara tsayuwa, ya jingine sandarsa a cinyata, ya ɗaga hannu. Fatiha, Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, sannan ya shiga ambaton su ɗaya bayan ɗaya, har direban bai manta ba. Hawaye na bin gemunsa. Ina amsa amin, amma wani abu yana sukata a rai: titin a buɗe yake, motoci na wucewa fiu-fiu, kuma ina tunanin yaya za a yi a buɗe wa shugaban ƙasa wuta a kan idon masu gadin fadarsa? Na danne tunanin. Na tare tasi, muka koma Agege. Kwana biyu Kawu yana shafa man zafi, ranar Litinin aka saka shi a mota ya tafi gida yana ta sa min albarka.

Albarkar nan ce ta fi ci min rai.

Ranar Laraba, a Idumota, ina ba wani dattijo Bakatsine labari cikin alfahari. Ya kusa shekara hamsin yana gadi a Ikoyi. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Wace ƙofar bariki kuma, yaro? Ai bai iso ba. Can baya ne, wajen tsohuwar Sakatariya, kusa da gidan mai. Ganin Dala kuka yi, ba ku shiga birni ba." Ya kwatanta min, ya ƙara da cewa in har ina son in gane abin, kada in je sai ranar aiki, kuma kafin ƙarfe takwas.

Kayana sun riga sun hau tirela, ya kamata in bi su ranar Alhamis. Na bar su suka tafi ba ni, na biya wani ya karɓa min a Kano, na ƙara kuɗin kwana biyu da ban shirya ba. Daren Alhamis na kwana a wurin wani abokina a Obalende, da gari ya waye ranar Juma'a na kama titin Ikoyi a ƙafa, ni kaɗai.

Tun daga nesa za ka hango Sakatariyar, wato tsofaffin ofisoshin gwamnatin tarayya: dogayen benaye, tagogi sun zube, ba kowa ciki. Kwana goma kacal kafin a kashe shi, ranar 3 ga Fabrairu 1976, Murtala ya sanar da ƙarin jihohi bakwai suka zama 19, kuma ya ce za a mayar da babban birni Abuja. Da gwamnati ta tattara ta koma a 1991, ginin ya zama kufai. Wato hukuncinsa ne ya kwashe mutanen benen da aka harbe shi a kusa da shi. Na daɗe ina kallon benayen nan.

Amma ba su ne suka nuna min wurin ba, cunkoso ne. Wajen takwas saura, motoci suka fara taruwa, suka yi tsaye cak. Ina bakin titi, wata mota ta tsaya a gabana, wani mutum a kujerar baya da farar riga yana duba takardu. Tsakanina da ƙofarsa bai kai taku biyu ba. Ina ganin agogon hannunsa. Direban ba shi da gaba, ba shi da baya, ba shi da gefe. Minti ɗaya, minti biyu, ba su motsa ba. Sai na ji tsigar jikina ta tashi. Duk abin da na karanta, duk hujojin da Kawu ya ƙirga, sai a lokacin suka zauna min. Masu harbin ba su buƙaci wata dabara ba. Sun san gidansa, sun san lokacin fitarsa, sun san Legas za ta riƙe musu shi. Tsayuwa kawai suka yi a inda nake tsaye. Wanda ya je ranar Asabar da rana, ko da ya dace da ainihin wurin, kwalta kawai zai gani.

Daga nan na juya na bi hanyar da motar ba ta ƙarasa ba, ina duba agogo. Maƙabartar Ikoyi na gefen hanya, sai gidan rediyon tarayya, inda Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya shiga ya sanar da juyin mulki, har ya yi katoɓarar nan da ake ba da labari, ya sa dokar hana fita daga shida na safe zuwa shida na yamma. Nan aka turo Babangida, kafin rana ta faɗi sojojin gwamnati suka ƙwace gidan, Dimka ya sulale. Sai a watan Maris aka kama shi a wajen Abakaliki, aka harbe shi ranar 15 ga Mayu. A wannan gidan rediyon dai Gideon Orkar ya yi tasa sanarwar a 1990. Abin mamaki, duk wannan tashin hankali da ya girgiza ƙasa, har ya ci ran Kanar Ibrahim Taiwo a can Kwara, ya ɗora Obasanjo a kan mulki, ya ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa zuwa na biyu, cibiyarsa 'yar tafiya ce da ba ta kai nisan Ƙofar Nassarawa zuwa Sabon Gari ba.

Minti ashirin da uku na yi kafin in iso daidai inda Kawu ya jingine min sandarsa. A mota, in hanya ta buɗe, ko minti biyar ba za a yi ba. Na tsaya a wurin ina jin haushin kaina. Da na sa shi a tasi tun daga Onikan, da kuɗin da bai kai na tsiren dare ɗaya ba ya kai mu har gaban Sakatariya, gwiwarsa lafiya lau.

Wanda zai je, ya juya tsarin da na yi. Ya fara da Sakatariya, ranar aiki, kafin takwas, ya tsaya ya bar cunkoson ya same shi. Sannan ya tako zuwa Obalende, yana fuskantar inda motar ta fuskanta. Wayarsa ta zauna a aljihu in ya kusanci bariki, wurin sojoji ne har yanzu, ba wurin ɗaukar hoto ba. Daga Obalende ya hau mota zuwa Onikan, motar Murtala ta zama ta ƙarshe, don hujojin sun fi magana in ka riga ka tsaya a bakin titin. In da tsoho a tafiyar, kada a biye wa "zan iya" ɗinsa. Kuma a tambayi masu furfura tun kafin a gaji, don gajiya ce ta sa na ga ƙofar bariki na ce ta isa.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira Kawu in faɗa masa, sai mu ƙare a gaisuwa da labarin farashin masara. Mahaifiyata ta ce in rabu da shi, addu'a ba ta ɓatan hanya. Na yarda da ita a kan addu'ar. Amma mutumin nan abu biyu ya roƙa, ɗaya na ba shi, ɗayan na ba shi jabu, kuma yana ta raba wa mutane a majalisa da sunana a kai.

'Yar tasa ta Agege tana da wani cikin. Na riga na yi magana da wani mai tasi ɗan Gumel da zai ɗauke mu tun da Asuba ranar Juma'a, har kuɗin mun tsadance. Abin da ban shirya ba shi ne yadda zan fara yi wa Kawu maganar a mota.