Takwas huɗu a jere

Litinin. Ban ko gama shan kunu ba Hajiya Akawu ta kira. Jakar da ake ajiye takardun lissafi ta ɓace daga kwamfutarta, firinta ta ƙi, kuma bayan ta sa kalmar sirri sai da ta jira kusan minti biyar kafin a buɗe mata. "Amma YouTube na yi lahiya lau," in ji ta. Daga jin wannan amma ɗin na san inda zan dosa. Na tari kabu-kabu daga Mabera, ƙarfe takwas da rabi, rana ta riga ta fara dukan ƙeya kamar azahar.

Kwamfuta uku sun rikice, biyar ƙalau. Biyar ɗin su ne waɗanda na cika wa lambobi da hannuna tun bara, ukun kuwa daga rauta suke karɓa. Saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, na kunne a lungunta tana gurnani. Na buga ipconfig /all a wurin Hajiya, sai ga shi ɓaro-ɓaro: a gurbin DNS, wato inda kwamfuta ke tambayar adireshin kowane suna, 8.8.8.8 na Google ne a sama, na sabarmu 192.168.1.10 an tura shi ƙasa kamar ɗan rakiya. Na tambayi nslookup sunan domen ɗinmu, wato rukunin kwamfutocin ofis da saba ke kula da su, Google ta ce ba ta san shi ba. Ina za ta san shi?

Ga waɗanda kullum ke ce mini ba sa gane abin da nake rubutawa: kwamfutar ofis ba ta haddace inda saba take ba, tambaya take yi, wa ke riƙe da gidan nan? Amsar tana cikin wasu bayanai da ake kira SRV, masu dogon suna irin _ldap._tcp.dc._msdcs, waɗanda saba ke rubutawa da kanta a DNS ɗinta. Duk duniya ita kaɗai ke da su. Kai wa Google wannan tambaya daidai yake da ka tare direban tirela a Kwannawa ka ce ya nuna maka gidan mai unguwarku. Ya san hanya har Legas, lungunku ne bai sani ba. Abin haushin kuma, in aka ce wa Windows "babu wannan suna", ta karɓa ke nan, amsa ce a wurinta. Ba ta waiwayar na biyu sai in na farko ya yi gum. Shigar ma da Hajiya ta samu, tsohuwar shaidar da kwamfutar ta ajiye ce ta buɗe mata, ba saba ba.

Ban sha wahalar neman mai laifi ba. Auta na tsaye bakin ƙofa yana murza makullin mashin.

"Yaya, ni nat taɓa rauta ran Asabar."

Ni kuwa, gaban Hajiya, gaban Baba maigadi da ya leƙo da butarsa, na ce, "Wa ya aike ka? Don ka kalli bidiyo biyu sai ka zama injiniya?" Na ƙara wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Yaron bai ce uffan ba.

Sai ga Alhaji ya fito daga ofishinsa, carbi a hannu, ko ɗaga murya bai yi ba.

"Injiniya, ni nas sa shi. Tun daren Juma'a babu wuta, batura sun sauka, na'urar taka ta mutu. Ga rauta da hasken ta, ga data mun saye, amma ba abin da ka buɗewa. Ina da takardun da za ni turawa kahin sha biyu. Sau ukku ina kiran ka."

Ina Bodinga wurin ɗaurin aure, waya a aljihun babbar riga. Na ga kiran da la'asar, na ce in da matsala za a sake kira.

"Wanga yaro cikin minti biyu ya maido muna intanet."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ya maido intanet, ya kashe ofis." Na shiga bayani: kwamfutocin domen saba kaɗai ya kamata su tambaya, ita kuma abin da ba ta sani ba ta miƙa shi waje. Da ɗan gari kan ci gari. Ya saurara har na dire, sannan ya ce:

"Na ji. To in sabar taka ta mutu, dole kowa shi mutu tare da ita?"

Na ce haka tsarin yake. Ya dube ni, ya ce to, ya koma ciki.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na shiga rauta na mayar da 192.168.1.10 shi kaɗai a abin da take rabawa. A saba na duba masu karɓar tambayoyin waje, 8.8.8.8 da 1.1.1.1 suna nan inda ya dace da su. Kowace cikin ukun na yi mata ipconfig /renew da /flushdns, sannan gpupdate /force. Jakar Hajiya ta dawo, firinta ta hau tofar da duk abin da aka tura mata tun safe, shafi ɗaya har sau shida. Na gudanar da dcdiag /test:dns don hankalina ya kwanta, na duba agogon saba tunda ta kwana biyu a mace, kun san Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yafe saɓanin agogo da ya wuce minti 5. Na canja kalmar sirrin rauta. Tsohuwar, ni da kaina na rubuta ta a takarda na manna cikin durowa. Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Fura a bakin titi, mai sanyi, da nono mai kyau. Ita ce abu mafi daɗi a yinin.

Maman yara ta ce in biya ta kasuwa in sayo albasa. Na manta.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, ina tsakar gida kan tabarma don ɗaki ba ya shiguwa, kuma "to" ɗin Alhaji ta ƙi barina. Abin da na faɗa masa gaskiya ne, duk littafin da ka buɗe haka zai ce. Amma littafin yana ɗauka kana da saba biyu masu riƙe da domen, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsaya, kuma bai san garin da zafi ke haura 40 a Afrilu ba, inda batura ke tsufa kafin lokacinsu. Ni na san duk wannan ranar da na ɗora ofis na mutum takwas a kan na'ura ɗaya. Na taɓa yi wa Alhaji maganar saba ta biyu sau ɗaya, ya ji kuɗin ya yi dariya, ni ma na yi, shi ke nan ban sake tayarwa ba.

Kuma akwai hanya ta tsakiya, ita ce ke cin raina. Rauta mai ɗan hankali, irin MikroTik, ko ƙaramar na'ura mai manhajar dnsmasq wadda batir kaɗan ke riƙe ta, ana iya gaya mata: duk sunan da ya ƙare da na domen ɗinmu kai wa saba, sauran ki tambayi waje. Saba ta mutu, intanet na nan. Masu tsattsauran ra'ayi za su yamutsa fuska, sai an gwada an ga ko kwamfutoci na rubuta sunayensu daidai, amma su ba su da Alhaji mai takardun sha biyu. Abin da Auta ke lalube ke nan ran Asabar, bai dai san sunansa ba.

Na rubuta masa saƙo na goge sau biyu. Na uku na tura: ya same ni ofis Laraba da safe, ya zo da littafi da biro. Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba tukuna.

An ɗauke wuta yanzun nan. Baturan ofis, in sun yi ƙoƙari, su kai ƙarfe uku.