Daren Laraba a majami'armu ta Garwa

Shekara huɗu ina Njamena, makon jiya na dawo gida Garwa ta ƙasar Kamaru. Ranar Lahadi da na shiga majami'armu sai da hawaye ya zubo mini. An yi sabon rufin kwano, benci ya cika maƙil, 'yan zumuntar mata sun sha anko suna rera waƙa da Hausa da Fulatanci, har waje mutane tsaye a wannan zafin na Afrilu. Na gode wa Ubangiji.

Amma ran Laraba da na koma nazarin Littafi Mai Tsarki, mu tara ne kacal. A gefena wata tsohuwa ta kwance ɗankwalin da ta naɗe Littafinta, bangon ya rabu, takardun sun yi ja don yawan shafa. Idonta ya yi rauni, sai ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, karanta mini Ibraniyawa sura 5." Wurin nan ne da ake faɗa wa masu bi cewa ya kamata a ce sun zama masu koyarwa, amma har yanzu madara suke bukata. Ina karantawa, jikina ya yi sanyi, don da ni ma ake.

'Yan'uwa, ƙauna ce ta sa nake wannan magana. Tun 1932 muke da cikakken Littafi a Hausa, ga shi yaranmu boko na Faransanci suke yi, da yawansu ba sa iya karanta shi. Na roƙi Baba Fasto ya ba ni matasan nan kowace Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar majami'a. Ya amince. Iyaye, don Allah ku turo mana su, ku kuma sa mu a addu'a.