Hoton da muka samu a adakar Hajiya

Tun da Hajiya ta rasu muka gaji wani tsohon hoto daga cikin adakarta: dattijo zaune a kan kujera, da rawani da babbar riga, hannunsa riƙe da carbi. Shekara da shekaru muna cewa kakanmu ne. Jiya na kai wa Goggo shi a Kumo, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ai yayansa ne, ɗana, ga tabon nan a goshinsa." Rubutun ajamin da ke bayansa, wanda duk muka raina, ya ambaci shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gombe, wato 1963, lokacin kuwa kakanmu bai fara naɗa rawani ba.