Musayar fayil tsakanin Windows, Mac da Linux a kan hanyar sadarwa ɗaya

Kwamfuta uku ne a wuri ɗaya, wannan Windows, waccan Mac, ta ukun Linux, duk a kan Wi-Fi ɗaya, amma in aka tashi kai fayil daga ɗaya zuwa ɗaya sai an nemo filas. Da yawa sukan ɗora laifin a kan bambancin babbar manhaja, alhali da wuya matsalar ta kasance can. Dukkansu ukun suna amfani da SMB, ƙa'idar musayar fayil tsakanin kwamfutoci. A IBM aka faro ta a farkon shekarun 1980, Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa, Andrew Tridgell ya fitar da Samba a 1992 don kwamfutocin Unix su shiga ciki, Apple kuma ta mayar da ita hanyarta ta farko tun daga OS X Mavericks a 2013. Abin da ke hana ruwa gudu kusan kullum ɗaya ne daga uku: ko kwamfutocin ba sa isa ga juna, ko ba a gane wanda ke neman shiga ba, ko an gane shi amma ba shi da izini. A wannan jeren ya kamata a duba su, domin wanda ya fara da taɓa izini alhali hanya ce a toshe zai wuni yana wahalar banza.

Ka fara da adireshin IP. A Windows ka buɗe tagar umarni ka rubuta ipconfig, a Linux ip a, a Mac kuma ka duba Network cikin System Settings. A yawancin ƙananan rawuta, lambobi ukun farko dole su zo ɗaya: 192.168.1.20 da 192.168.1.35 suna ganin juna, amma 192.168.1.20 da 192.168.0.35 ba sa gani. Wannan yakan faru in aka jona rawuta ta biyu a bayan ta farko, kowace tana raba nata adireshin. Maganinsa a mayar da ta biyun mai yaɗa Wi-Fi kawai, a kashe mata DHCP, wato tsarin raba adireshi. Akwai kuma Wi-Fi na baƙi, wanda da gangan aka yi shi don kada na'urori su ga juna. Wasu rawutocin ma suna da zaɓin AP isolation, mai hana na'urori ganin juna, a kunne ko a babban layin. In adireshin ya fara da 169.254, to kwamfutar ba ta samu adireshi daga rawuta ba sam, sai a duba kebul ko haɗin Wi-Fi.

Kada ka dogara da ping kaɗai, wato umarnin gwada ko wata kwamfuta na amsawa, domin katangar tsaron Windows takan ƙi amsa shi ko da komai lafiya lau. Ka gwada ainihin tashar da SMB ke saurare, wato 445. Daga PowerShell:

Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 445

Daga Mac ko Linux kuwa nc -zv 192.168.1.20 445. In tashar ta amsa, an wuce matakin hanya. Sannan kwamfutar da za ta riƙe fayilolin, ka shiga saitin rawuta ka keɓe mata adireshi ɗaya na dindindin, in ba haka ba ranar da aka sake kunna rawutar adireshin zai iya canzawa, duk mahaɗan da aka ajiye su mutu.

In Windows ce za ta raba folda, abu na farko shi ne matsayin hanyar sadarwar. Windows tana ɗaukar sabon haɗi a matsayin Public, kuma a wannan matsayi tashar 445 a rufe take. Ka mayar da shi Private, ka kunna File and printer sharing. Daga nan ka latsa ɓangaren dama na linzami a kan foldar, Properties, Sharing, Advanced Sharing, ka ba ta gajeren suna marar tazara a tsakiya, misali Rabo. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin izini iri biyu ne: na shafin Sharing da na shafin Security, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Ko ka ba mutum cikakken iko a Sharing, in Security ta ce karatu kawai, to karatu kawai zai yi.

Sai batun shiga. Lambar PIN da kake buɗe kwamfutarka da ita ba ta aiki ta hanyar sadarwa, a kan na'urar kaɗai take. In da asusun Microsoft kake shiga, adireshin imel ɗin da ainihin kalmar sirrinsa ake buƙata. A ganina ya fi sauƙi kuma ya fi tsaro a buɗe wani asusun na cikin kwamfutar, a sa masa suna kamar ofis, da kalmar sirri mai ƙarfi, a ba shi izini a kan foldar nan kaɗai. Ka kuma sani cewa Windows 10 da 11 ba sa karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda. In masu shiga sun haura haka, aikin uwar garke ne.

A Mac, ka je System Settings, General, Sharing, ka kunna File Sharing, ka ƙara foldar. Kada ka tsaya nan. Ka shiga Options, ka tabbatar SMB na kunne, sannan a ƙarƙashin Windows File Sharing ka sa alama a kan asusun, ka sake shigar da kalmar sirrinsa. Wanda ya tsallake wannan zai ga Windows tana ta ƙin kalmar sirrin da ya tabbata daidai ce. Dalili shi ne shiga ta SMB na buƙatar a adana kalmar sirri da wata sigar ɓoyewa dabam da wadda Mac ke ajiyewa don buɗe kwamfuta.

Wannan dalilin ne ma ya sa Samba ke da nata rumbun kalmomin sirri a Linux. A Ubuntu ko Debian, aikin haka yake:

sudo apt install samba
sudo useradd -M -s /usr/sbin/nologin ofis
sudo mkdir -p /srv/rabo
sudo chown ofis:ofis /srv/rabo
sudo smbpasswd -a ofis

Sannan a ƙarshen fayil ɗin /etc/samba/smb.conf a ƙara:

[Rabo]
path = /srv/rabo
valid users = ofis
read only = no

Ka gudanar da testparm don ya nuna maka kuskuren rubutu, ka sake tayar da Samba da sudo systemctl restart smbd, in kuma katangar tsaro ta ufw na kunne ka ba da hanya da sudo ufw allow samba. Dole asusun ya kasance a Linux ɗin kansa kafin smbpasswd ya karɓe shi. Na zaɓi /srv maimakon foldar gida ta wani mai amfani saboda sababbin fitowar Ubuntu suna kulle foldar gida ga sauran asusai, sai ka ga an shiga amma an kasa buɗe komai. A Fedora da danginta akwai ƙarin mai gadi, SELinux: in ba a yi wa foldar lakabin samba_share_t ba, zai hana shiga ko da duk izini daidai ne, kuma saƙon da za ka gani ba zai ambaci sunansa ba.

Shiga daga ɗaya ɓangaren ba wuya. A File Explorer na Windows ka rubuta \\192.168.1.20\Rabo a sandar adireshi. A Finder na Mac ka danna Command da K, ka rubuta smb://192.168.1.20/Rabo. Manhajojin fayil na Linux kamar Nautilus da Dolphin su ma wannan adireshin na smb suke karɓa. Da gangan nake cewa a yi amfani da IP. Rashin ganin kwamfuta a jerin Network ba ya nufin ba ta aiki. Kowace babbar manhaja da yadda take sanar da kanta. Mac da Bonjour take yi, wanda Avahi ke yi wa Linux, Windows kuma da WS-Discovery, wanda Samba ba ta yi da kanta. In kana so Linux ta bayyana a jerin Windows, ka girka ƙaramar manhajar wsdd.

Ga inda nake roƙon a yi hattara. Shawarar da ta fi yawo idan jerin nan ya zo wayam ita ce a kunna SMB1, tsohuwar sigar SMB, ko a buɗe shigar baƙo marar kalmar sirri. Kada ka yi ko ɗaya. Ta wata ɓaraka a SMB1 ne mugun shirin kwamfuta mai suna WannaCry ya bazu a watan Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya. Windows 10 ta daina girka shi kai tsaye tun daga sigar 1709, Samba ma ta kashe shi a sigar 4.11 a 2019. Shigar baƙo kuwa, Windows 11 sigar 24H2 tana neman sa hannun tsaro a kan haɗin SMB, abin da baƙo ba ya iya yi, shi ya sa foldar da ake shiga haka kawai ta daina buɗuwa bayan sabuntawa. Asusu mai kalmar sirri shi ne gyaran. In wata tsohuwar firinta ko ma'adana ce ba ta jin komai sai SMB1, a nema mata sabuntawa daga kamfaninta, in babu a ware ta daga sauran na'urori.

Wani kuskuren da ke cin lokaci shi ne mai lamba 1219 a Windows: ba ta yarda mutum ɗaya ya shiga kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. Ka yanke tsofaffin haɗin da net use * /delete, ka goge abin da aka adana a Credential Manager, ka sake shiga.

Mai son foldar ta riƙa hawa da kanta a Linux zai girka cifs-utils, ya sa suna da kalmar sirri a wani fayil dabam, ya kulle shi da chmod 600, sannan ya ƙara layi a /etc/fstab mai ɗauke da credentials, uid, gid, _netdev da nofail. In aka manta uid, fayilolin za su bayyana a matsayin mallakar root, babban asusun Linux, kana gani ba ka iya rubutawa. In aka manta nofail, ranar da ɗaya kwamfutar take kashe taka ma za ta iya maƙalewa wajen tashi. Kuskure mai lamba 13 na suna ko kalmar sirri ko izini ne; mai lamba 112 yawanci rashin jituwar sigar SMB ne, sai a gwada vers=3.0.

Bayan an haɗu, sauran rigimar ta sunayen fayil ce, kuma a nan ne bambancin manhajojin yake da gaske. Windows ba ta yarda da \ / : * ? " < > | a cikin suna, haka ma sunaye kamar CON, NUL da AUX, kuma manhajoji da dama suna gazawa in cikakken adireshin fayil ya wuce haruffa 260. Fayil ɗin da aka sa wa lokaci a suna a Linux, mai ɗigo biyu tsakanin awa da minti, zai bayyana a Windows da wani gajeren suna marar ma'ana. Linux tana bambanta Rahoto.txt da rahoto.txt, Windows da Mac a saitinsu na asali ba sa yi, don haka kwafar folda mai ɗauke da duka biyun na iya sa ɗaya ya danne ɗaya. Mac tana barin .DS_Store da ƙananan fayiloli masu farawa da ._ a duk inda ta shiga; ƙara layin vfs objects = catia fruit streams_xattr a Samba yana rage na biyun, yana kuma sa Finder saurin buɗe folda. Sannan rubutun umarni da aka gyara a Windows yakan ƙi tashi a Linux, saboda Windows tana rufe layi da alamomi biyu, CR da LF, Linux kuma da LF kaɗai. Manhajar dos2unix ce ke gyara shi.

Game da sauri, kebul mai gigabit yana kai kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato fayil mai gigabait 10 a cikin minti ɗaya da rabi. In ka ga ya tsaya a 11 ko 12, haɗin ya faɗo zuwa megabit 100, kuma fayil ɗin zai ci kusan minti 15. Gigabit na buƙatar duka wayoyi takwas na cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka waya ɗaya da ba ta kama da kyau ba a RJ45, wato kan kebul ɗin, ta isa ta jawo wannan, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ka canza kebul ɗin da Cat5e ko Cat6 mai kyau, ka kuma duba ko tashoshin rawutar na gigabit ne. Dubban ƙananan fayiloli sun fi babban fayil ɗaya jinkiri nesa ba kusa ba, saboda kowanne sai an buɗe an rufe shi dabam. A dunƙule su cikin zip kafin a tura.

Duk wannan na cikin gida ko ofis ne. Kada a taɓa buɗe tashar 445 ga intanet ta rawuta. Mai buƙatar fayilolinsa daga nesa ya bi ta VPN kamar WireGuard, ko ya yi amfani da SFTP, hanyar tura fayil mai tsaro, a tashar 22: Mac tana kunna shi da Remote Login, Linux da openssh-server, Windows 10 kuma tana zuwa da umarnin ssh, scp da sftp tun 2018. In kuwa fayilolin sun yi yawan da sai an ɗauke su a faifai, a tsara faifan da exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, NTFS kuma Mac na karantawa amma ba ta rubutawa a kai sai da ƙarin manhaja, shi kuwa exFAT dukkansu ukun suna karantawa suna rubutawa, Linux ma tana ɗauke da shi a cikin ƙwayarta tun daga sigar 5.4.