Godiya ga waɗanda suka tsaya wa lambun haɗin gwiwa

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar aka bi fangalolin attaruhu da tattasai aka ƙirga: cikin tushe 1,200 da aka dasa ranar Asabar ɗin nan da injin ban-ruwa ya ƙi aiki, 1,060 sun miƙe har sun fara sabon ganye. Akwai ragowar iri a gadon reno da za a cike gurbin sauran. Kafaɗun wasu har yau ba su saki ba, amma hankali ya kwanta.

Ba sai an maimaita labari ba, duk kun ji. Abu ɗaya ne ba kowa ya gani ba, wato tashin hankalin bayan magariba, iri yana ƙasa, inji ya ƙi jan ruwa. Ƙasar Daura rairayi ce, ba ta riƙe laima, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 da rana. Irin da aka cire daga reno saiwarsa ta tsinke, kwana ukun farko ba ya iya neman ruwa da kansa, sai an kai masa har gindi. Da ya kwana a bushe rana ta hau shi, da kuɗin da gidaje 40 suka haɗa tun kafin shuka sun bi iska.

Bayan sallar isha sai ga 'yan ga-ruwa huɗu kowa da kurarsa, kowace da jarka 12. Jarka 48 ke nan, lita 1,200, lita guda ga kowane tushe. Da kofuna da gwangwanaye aka bi layi ana haskawa da fitilar waya, ana zubawa a hankali a gefen tushe don kada ruwa ya tone saiwa. Da asuba suka sake dawowa. Da aka miƙa musu kuɗi babbansu ya mayar da hannu baya. Sun hana a ambace su, amma duk unguwa ta san waɗanda ke zaune gindin bedi kusa da masallaci. Allah shi ba ku ruwan Alkausara, shi buɗa muku ƙofar da ba ku zata ba, shi raya muku zuri'a.

Sai Baba makaniki, mai gyaran injin markaɗe, wanda ya fasa zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi saboda mu. Ana ta shawarar sayen sabuwar fankar cikin inji, shi ko spana bai ɗauka ba. Ya cika kan injin da ruwa, ya tsaya yana kallo, ruwan ya zurare ƙasa. Nan ya gane bawul ɗin bakin mesa ne ba ya rufewa, yashi ya shiga ƙarƙashin robarsa. Ya wanke shi, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar mesa da inji, ya ga inda take shan iska don zafi ya saki robar. Ya yanko tsohon tiyub ɗin babur ya naɗe wurin tamau, ya ɗaga bakin mesar kamu ɗaya daga ƙasan rijiya. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba. Gargaɗinsa ga masu jiran ban-ruwa: in minti biyu suka wuce ruwa bai fito ba, a kashe inji, don gudu a bushe shi ke ƙona sil, wato abin da ke hana inji yoyon ruwa. Baba, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana, shi sa ka gama da duniya lafiya.

Iyayenmu mata da suka aiko da kunun zaƙi da fura tun hantsi, da ɗaliban da suka yi ta jigilar karan gero ana rufe gindin shuka, Allah shi saka muku da mafificin alheri.

Gaskiya kuma ba injin ne ya kashe yawancin dashe 140 ɗin da suka mutu ba. Fangalolin gabas ne, inda aka zuba ɗanyen kashin kaji saboda gaggawa, ya ƙone saiwa. Tunda ba ma sa takin zamani, dole a yi haƙuri da na gida: a tara shi, a jiƙa, a riƙa juyawa duk mako biyu har kamar wata biyu, sai ya daina zafi da wari. Karan da aka shimfiɗa kuma yana kiran gara, a bar yatsa uku tsakaninsa da tushe, a barbaɗa toka.

Akwai 'yan uwa na jini da daga gidajensu ana jin ƙarar injin nan. An kira sau uku a daren. Wataƙila caji ne ya ƙare. Kwandonsu dai yana nan idan alayyafo ya isa yanka.

Asabar mai zuwa cike gurbi ne da feshin bedi, da la'asar sakaliya. Ana buƙatar rabin kilo na dakakken ƙwallon bedi ga kowace lita 10, a jiƙa shi tun daren Juma'a, a tace da ƙyalle mai kyau don kada ya toshe bakin injin feshi. Mai fartanya ya zo da abarsa, namu guda shida ne kawai.