Mai ciwon ƙoda, garkuwarsa ta riga shi tsufa

Ƙannena masu aiki a ƙananan asibitocin karkara, musamman ku na yankin Haɗeja inda ciwon ƙoda ya yi yawa, kada ƙuruciyar majinyaci ta ruɗe ku. Ɗan shekara 35 da ƙodarsa ta gaza, garkuwar jikinsa kan yi kama da ta wanda ya girme shi da kusan shekara 20.

Dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana taruwa a jini, ya bar jiki cikin wani ɓoyayyen kumburi da ba ya lafawa. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar halitta, taimos, inda ake horar da sababbin ƙwayoyin garkuwa na T. A mai ciwon ƙoda tana motsewa tun kafin lokacinta, sababbin su yi ƙaranci, a bar tsofaffin da suka gaji. Wankin ƙoda ba ya gyara wannan, dashen ƙoda ma ba ya maido da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jiran zazzaɓi. Jikin mai ciwon ƙoda na iya zama da sanyi alhali cuta ta shiga jini. In mai robar wanki a wuya ya zo da kasala, rawar ɗari ko ruɗewa, a ɗaga bandejin a duba ja ko mugunya, a tura shi babban asibiti a ranar. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, a gwada majina, don tarin fuka ya fi saurin kama masu ciwon ƙoda.

Rigakafin ciwon hanta nau'in B a fara shi tun kafin a kai ga wanki, lokacin da jiki ke iya amsawa. Babba mai lafiya maikrogiram 20 ake ba shi sau uku. Mai wanki kuwa 40, galibi sau huɗu: ranar farko, bayan wata 1, wata 2 da wata 6. Bayan wata ɗaya zuwa biyu da allurar ƙarshe a auna jini. In ma'aunin garkuwar bai kai 10 ba, a sake daga farko. Wannan awon ne akan tsallake, kati ya cika amma mutum ba shi da kariya.

Allurar jentamaisin da diklofenak na kemis, da jiƙon da ba a san me ke ciki ba, a gaya wa iyalinsa ƙarara su daina. Ragowar ƙodar suke ci.