Ido kaɗai ba ya tsara ɗaki

Kusan duk yarinyar da ta zo mini da maganar tana son shiga harkar tsara cikin gida, da magana ɗaya take farawa: "Anti, ina da ido." Samarin ma haka suke cewa, sai dai su sukan haɗa da nuna mini zanen da suka yi a kwamfuta. Ban taɓa musa wa kowa ba, don ni ma da ido na shigo. A danginmu duk bikin da za a yi ni ake turawa jere, ni ce mai cewa a matsar da gado nan, a juya madubi can, har gwaggonnina suka fara cewa ai sana'a nake zubarwa a banza. Na ɗauki maganarsu, na buɗe shafi a Instagram, na buga kati. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a jarin wannan aiki ido ya fi komai araha. Sauran, wato awo da lissafi da sanin kaya da sanin mutane, da kuɗin aljihuna na koye su.

Aikina na farko na kuɗi falo ne a saman bene. Na auna tsawo da faɗi, na zana doguwar kujera mai kusurwa, kafinta ya yi ta yadda nake so, soso mai kyau, yadi mai kyau. Ranar kawowa ta ƙi hawa. Falon na auna, ban auna ƙofa da kwanar matakala ba. Aka mayar da ita shago aka raba ta gida biyu, aka sake ɗinki, duk a kaina, matar gidan tana tsaye tana kallona ba ta ce uffan ba. Kafin ku auna ɗaki, ku auna hanyar da kaya za su bi su shiga cikinsa.

Kuma a gine-ginenmu ba kasafai bango yake miƙewa sak ba. Zanen da ke takarda daban, abin da birkila ya ɗora daban. In za ku kafa sif ko kabad ɗin kicin tsakanin bango biyu, ku auna ƙasa, ku auna tsakiya, ku auna sama, ku yi aiki da mafi ƙanƙanta. Ku rubuta inda soket da makunni suke, da gefen da ƙofa take buɗewa. Sai rikicin ma'auni: kafinta da inci da ƙafa yake magana, telan labule da yadi, kayan Turkiyya da na Sin kuma santimita ce a jikin kwalinsu. Ku rubuta ma'aunin ɓaro-ɓaro a gefen kowace lamba. Falankin MDF, wato katakon garin itace da aka matse, da na filawud ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wanda ya zana kabad bai sa wannan a ransa ba, kuɗi mai yawa zai tafi a guntaye. Labule yana cin ninki biyu na faɗin taga, ko biyu da rabi in ana son tattara mai kyau. Tayil kuwa a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, a kuma saye shi a lokaci ɗaya. Na taɓa komawa kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano neman ciko, na sami samfuri ɗaya, suna ɗaya, amma da aka shimfiɗa sai launin ya fito daban, domin ba lokaci ɗaya aka gasa su ba.

Duk wannan wasa ne a kan maganar kuɗi.

A tsakiyar 2023 na karɓi aikin gida guda, na ba da farashi jimla, na karɓi rabi kafin alƙalami. Sai na riƙa sayen kaya kaɗan-kaɗan yadda aiki yake tafiya, kamar yadda na saba. A lokacin ne aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Fitilu, maƙalan ƙofa, yadin labule, fenti, kusan duk abin da muke aiki da shi ko daga waje yake zuwa ko kayan haɗinsa daga waje suke. Da na iso kan fitilu da labule, kuɗin da ya rage a hannuna bai isa ba. Mai gida ya ɗauko takardar da na rubuta da hannuna, kuma gaskiyarsa. Adashena na shekarar a gidansa ya ƙare. Yanzu kowane ƙiyasi da zan bayar yana da wa'adi a rubuce, mako ɗaya ko biyu. Kuɗin kaya shafinsa daban, kuɗin aikina daban. Ranar da kuɗi ya shigo, ranar nake sayen duk abin da dala take iya taɓawa, ko da zai yi wata biyu a sito, in tura wa mai aiki hoton rasit.

Abin da ya fi wannan muni, wanda har yau nake jin nauyin faɗarsa, shi ne yadda na yi ƙoƙarin toshe ramin. Na ɗauki kafin alƙalamin wani sabon aiki na ƙarasa tsohon da shi, da niyyar in na sami na uku in mayar. Na uku bai zo da wuri ba. Na koma mai kashe waya, mai cewa "kayan suna hanya". Da yawa daga masu wannan sana'a da ake kira macuta ba da niyyar cuta suka fara ba, ta wannan ƙofar suka shiga. Kuɗin kowane aiki amana ce ta wannan aikin kaɗai. Ku yi wa sana'arku rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe mata asusun banki nata, kada kuɗin labulen Hajiya ya kwana wuri ɗaya da kuɗin cefanenku.

Sannan ku sa wa zane kuɗi. Na daɗe ina yin awo da zane da zaɓen launi kyauta, ina jiran in ci riba a wurin sayen kaya. Sai mutum ya karɓi zanen, ya yi godiya, ya kai wa kafintansa. Ba shi da laifi, ni ce na nuna masa tunanina ba abin saye ba ne. Akwai kuma la'adar da wasu shaguna suke ba wanda ya kawo musu ciniki. Ra'ayina, ko ku gaya wa mai aiki, ko ku bar masa ragin. Ranar da ya gano da kansa, ba shi kaɗai kuka rasa ba, har da duk matan da matarsa take zama da su a wurin biki.

Tun ranar farko ku gane wa yake yanke hukunci. Alhaji ne mai biya, Hajiya ce mai zama a ɗakin, in kuwa na amarya ne to akwai uwarta da ƙannen ubanta, kowa da launin da yake so. Duk canjin da aka faɗa da baki, ko a saƙon murya na WhatsApp, ku mayar da shi rubutu tare da kuɗinsa, a amsa muku kafin ku taɓa. "Ɗan ƙara mini wannan" ta cinye ribar ayyukan da ba zan iya ƙirgawa ba.

Sai hotunan Pinterest, shafin intanet da ake kwaso samfurin ado. Yawancinsu a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, inda babu ƙurar hunturu, babu zafin Afrilu da yake haura digiri 40, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Na taɓa saka farin labule mai gashi-gashi da farar kujera a gidan da yake bakin titi, mai yara ƙanana. Ya yi kyau a hoto, hunturu ɗaya ya gama da shi. Ledar kujera mai araha zafi yana sa ta ɓarewa. MDF in ya sha ruwa kumbura yake ba ya komawa, mu kuwa a kicin da banɗaki da ruwa muke wanke ƙasa, saboda haka ko a ɗora kabad a kan dakali na siminti, ko a yi ƙasansa da abin da ruwa ba ya ci. Ɗanyen katako lafiya lau yake da damina, iskar hunturu tana kaɗawa sai ya tsage ya karkace, ƙofar sif ta ƙi rufuwa. Ku tambayi kafinta ko katakon ya bushe, ko an sa masa maganin gara, kuma ku je ku gani. Fenti a kan filastar da ba ta gama bushewa ba tashi yake yi. Ƙwan fitila ma yana da launi: mai 3000K haskensa ja-ja ne mai taushi, mai 6500K fari ne fat, kuma fenti ɗaya fuska biyu yake nunawa a ƙarƙashinsu. Ku shafa ɗan gwaji a bangon, ku dube shi da rana, ku dawo da dare.

Amma kuskuren da ya fi koya mini hankali ba na kaya ba ne. Na shawo kan wasu ma'aurata aka haɗe musu kicin da falo, irin na Turawa. Ban tambayi me ake dafawa a gidan ba. Gida ne na tuwo da miyar kuka, ana soya manja, ana daka, ga baƙin maigida maza suna shigowa falon a kowane lokaci. Matar ta rasa sakewa a kicin ɗinta. Daga baya suka sa aka mayar da bango. Yanzu kafin in zana komai sai na zauna na yi tambayoyin da da nake ganin ba su shafe ni ba. Mutum nawa ke kwana a gidan, nawa ke zuwa da Sallah? A tebur ake cin abinci ko a ƙasa? Na ga teburin cin abinci mai kujera takwas da ya zama wurin ajiye kayan guga. Ina alƙibla, ina za a shimfiɗa darduma ba tare da an ja kujera ba? A ina tsoho zai zauna ya yi alwala, kuma tayil ɗin wurin yana santsi in ya jiƙe? Ana turaren wuta kullum? In ana yi, farin silin na POP zai nuna. Suna karɓar hoton mai rai a bango ko ba sa so?

A nan ne na fara girmama magina na da, waɗanda a farko nake wa kallon kayan tarihi. Ku shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ku ji yadda kaurin bango yake riƙe sanyi. Ku dubi bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, ko zanen fuskar gidajen Birni a Damagaram. Zaure ma ba ado ba ne, amsa ce ga tambayar inda baƙo zai tsaya. Dagi ɗaya da aka zana da kyau a wurin da ya dace ya fi mini bango guda na kwaikwayon Dubai.

Game da rushe bango, kada ku kuskura ku yi shi da ka. Wani bangon shi yake ɗauke da rufin kankaren da ke samansa, kuma ba a ganewa da ido. Wannan hurumin injiniya ne mai rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, ko masanin zanen gini mai rajista da tasu hukumar, ARCON. Wayarin ma haka, a bar wa mai shi.

Karatu fa? Na biya kuɗin wani kwas na 'yan makonni a intanet, aka ba ni satifiket mai kyau, na fito ban iya karanta zanen gini ba. Mai halin shiga jami'a ya dubi fannin zanen gine-gine ko na zanen masana'antu, irin waɗanda ake koyarwa a ABU Zariya. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, IDAN, da Titi Ogufere ta kafa a 2007, yana da kyau ku san da ita. Manhajojin zane na kwamfuta, SketchUp da AutoCAD, ku koye su, ba su da wuyar da ake faɗa. Amma ko da digiri ko babu, ku nemi wanda ya daɗe a aikin ku bi shi, ku riƙe masa tef, ku yini a shagon kafinta da wurin masu POP. Ni na tsallake wannan matakin saboda ina ganin na wuce yaron shago, sai na riƙa zana abin da ba ya ƙeruwa, ina faɗa da mutanen da suka fi ni sani. Ku kira su Malam, ku biya su a kan lokaci, in sun ce "wannan ba zai tsaya ba" ku tambayi dalili kafin ku ɗaga murya. Mace a wurin aiki za a gwada ta a makon farko, ba makawa. Abin da yake kashe gwajin shi ne a ga ta san inci nawa take magana a kai.

Wanda yake son ya san ko zai iya, ga aikin da nake ba duk mai zuwa wurina. Ya auna ɗakin mahaifiyarsa kaf, ya zana shi a takarda da ma'auni, ya tambaye ta abin da yake damunta a ɗakin, ba abin da yake damunsa ba. Ya jera duk abin da za a saya har ƙusa da gam, ya shiga Kantin Kwari da Ƙofar Ruwa, ko Dei-Dei in a Abuja yake, ya rubuto farashi, ya haɗa da kuɗin mota da na masu dako. Bayan wata guda ya koma shagunan ya sake tambaya, sannan ya kawo mini takardun biyu mu zauna.